Yadda Ake Tallafa Wa Makarantar Sakandare Har Sakamako Ya Gyaru: Jagora Ga Al'ummar Dutsin-Ma Da Kurfi

Duk shekara idan sakamakon WAEC ya fito, na NECO kuma ya biyo baya, zance ɗaya ake yi a majalisun Dutsin-Ma da Kurfi: ɗan wa ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ɗan wa kuma zai sake zama. Daga nan sai masu kishi su motsa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kira taro, wani mai hali ya ɗauki nauyin kuɗin jarabawar yara ashirin, ɗan siyasa ya aiko da fenti da buhunan siminti. Duk alheri ne, Allah ya saka. Sai dai sau da yawa shekara kan zagayo a tarar gini ya yi kyau, sakamako kuwa yana nan inda aka bar shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin taimakon a aji shida yake sauka, saura wata uku jarabawa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya faɗi Turanci a aji shida, tun yana aji ɗaya faɗuwar ta fara, ranar da aka miƙa masa littafi ya kasa karantawa, ba kuma wanda ya lura. Wannan jagora domin 'yan kwamitin kula da makaranta ne, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, da duk mai son ya sa kuɗinsa ko lokacinsa inda za a ga amfani a takardar sakamako.

Abin da ke hannu tun kafin a fara

Ƙananan hukumomi kaɗan ne a Jihar Katsina suke da irin gatan da wannan yanki yake da shi. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, tana da tsangayar ilimi. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa, duk shekara tana fitar da ɗalibai zuwa makarantu domin koyon aikin koyarwa. Akwai makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati. Akwai kuma ofishin shiyya mai sa ido kan ingancin ilimi.

Daga sama ma an zuba wani abu. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin karatun 'yan mata a matakin sakandare, kuma ta hannun kwamitocin makarantu ake kashe tallafin gyare-gyarensa. A 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda ta ɗauki malamai fiye da 7,000 na firamare da sakandare. Saboda haka mai son taimako ba daga fili zai fara ba. Aikinsa shi ne ya haɗa waɗannan abubuwa da yaron da ke zaune a benci a Karofi ko Makera, ko Birchi, Wurma, Tsauri da Rawayau, inda albarkar cikin gari ba ta cika isa ba.

Mataki na ɗaya: a shiga ta ƙofa

Makarantar gwamnati tana da masu ita. Kafin komai, a zauna da shugaban makaranta, a saurare shi fiye da yadda za a yi masa magana. Sannan a rubuta wa ofishin shiyya takarda, a sanar da hakimi, Yandaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi, ko kuma dagacin garin da makarantar take. Taimakon da ya shigo ta bayan shugaban makaranta, malamai kan ɗauke shi bincike ne aka zo yi musu, su naɗe hannu.

A kafa ƙaramin kwamitin aiki, mutum biyar zuwa bakwai: mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, malamin Turanci ko na Lissafi, wakilin iyaye maza, wakiliyar iyaye mata, limami ko wani dattijon da ake jin maganarsa, da wakilin masu ba da tallafi. A rubuta yarjejeniya shafi ɗaya tak: abin da makaranta za ta yi, abin da masu tallafi za su kawo, da ranar da za a zauna a duba. A fara da makaranta ɗaya ko biyu. Wanda ya rungumi goma a shekarar farko, rabon alli kawai zai iya.

Mataki na biyu: a auna kafin a kashe ko sisi

Awo uku ake bukata, kuma dukansu ba sa cin kuɗi sosai.

Na farko, sakamakon shekara uku da suka wuce, darasi bayan darasi. Kada a tsaya kan jimillar kashi nawa suka ci. A ware: nawa suka samu C6 zuwa sama a Turanci, nawa a Lissafi, nawa suka tsaya a D7 da E8, nawa suka samu F9, maza nawa, mata nawa. A kuma kwatanta yawan waɗanda suka zauna jarabawar da yawan waɗanda suka shiga aji huɗu shekara uku baya. Makarantar da ta ɗauki 200, ta kai 80 jarabawa, 60 suka ci, za ta ce ta samu kashi 75. Gaskiyar lissafi kuwa kashi 30 ne, sauran sun zube a hanya.

Na biyu, gwajin karatu ga kowane ɗan aji ɗaya da kowane ɗan aji huɗu, ɗaya bayan ɗaya, da baki. A shirya takarda mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sai ɗan labari da tambayoyi biyu a kansa. A yi ta Hausa, a yi ta Turanci. A fara yaro daga sakin layi. In ya wuce a hau da shi, in ya kasa a sauko. A Lissafi a ba shi ɗebewa mai aro, da rabawa, da tara ɓangarori kamar rabi da kwata. Minti biyar sun ishi yaro ɗaya. Ɗalibai goma daga kwaleji ko jami'a za su iya gwada yara 120 cikin awa guda. Kada a kira shi jarabawa, kada a riƙe bulala, kada kuma a karanta sakamakon kowa a gaban taro.

Na uku, ƙirgen kai. A zaɓi ranaku huɗu a wata ba tare da sanarwa ba, har da ranar kasuwa da ranar Juma'a. A zagaya azuzuwa sau biyu, da safe da bayan tara, a rubuta yara nawa ke ciki da kuma ko akwai malami a gaban allo. Rajista tana faɗin abin da ya kamata, ƙirgen kai yana faɗin abin da yake.

Idan an haɗa ukun nan, makaranta za ta ga ciwonta da idonta. Sai a zaɓi matsala biyu kacal a sa a gaba a wannan shekara.

Mataki na uku: a gyara tushe

A mafi yawan makarantu abin da gwajin zai fara tonowa shi ne akwai yara a aji ɗaya, har ma a aji huɗu, da ba sa iya karanta sakin layi da Turanci su gane. Irin wannan yaro ko an kawo masa farfesa ya koya masa Kimiyyar Halittu, kwafar allo kawai zai yi. Duk darussan jarabawa, in ban da na harsuna irin su Hausa da Larabci, da Turanci ake tambayarsu, da shi kuma ake amsawa.

Maganin da aka jarraba shi ne wanda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da shi, aka kuma yi aiki da shi a Borno da Kano: a raba yara gwargwadon inda suka tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba, na awa ɗaya kullum. Masu haruffa su zauna wuri guda, masu kalmomi wuri guda, masu sakin layi wuri guda. Kowane rukuni kada ya wuce yara 25 zuwa 30. Bayan mako huɗu a sake gwaji, wanda ya haura a ɗaga shi gaba. Yaron sakandare ya fi na firamare saurin kamawa, domin hankalinsa ya riga ya buɗe. Abin da yake bukata a koma da shi inda aka baro shi, ba tare da an kunyata shi ba.

Yaron da bai iya karatu ko kaɗan ba, a fara masa da Hausar boko. Haruffanta suna tafiya da sautinsu, zai kama cikin makonni, sannan a haye da shi Turanci. Masu sakin layi kuwa karatu a bayyane suke bukata, kowa ya karanta, a tambaye shi abin da ya gane, ya faɗa da Hausa, sannan ya rubuta jimla biyu da Turanci. A tanadi akwatin ƙarfe a kowane aji da ƙananan littattafan labarai 40 ko 50, a damƙa makullin a hannun monita, a riƙa ba da aro na mako guda. A ɓangaren Lissafi a dage kan jadawalin ninkawa, da rabawa, da ɓangarori, da lambobi masu alamar ɗebewa. Wanda bai riƙe waɗannan ba, aljabara za ta zame masa duhu har ya gama.

A nan ne ɗaliban koyon aikin koyarwa da masu bautar ƙasa suka fi amfani. A ba su horo na kwana biyu, a ɗora ƙwararren malami ɗaya a kansu, a ba su kuɗin mota. Kada a miƙa musu aji shida su kaɗai don kawai babu malami.

Mataki na huɗu: a tsare lokacin karatu

Zangon karatu wajen mako 13 ne. Idan makon farko ya tafi a shara da jiran yara su dawo, biyun ƙarshe suka tafi a jarabawa da haɗa maki, kusan kwata ɗin zangon ya salwanta. Idan kuma darasin farko na minti 40 yana faɗuwa kullum saboda makara, cikin mako goma an rasa darasi 50. Ba littafin da za a saya ya maye wannan.

Ga abin da kwamiti zai iya yi. A fara koyarwa ranar farko ta komawa, a kuma yi ƙaramin gwaji mai maki a ranar uku, labari zai kai gida. A riƙa kiran suna sau biyu a yini. Duk yaron da aka rasa kwana uku a jere, wakiliyar iyaye mata ko mai unguwa ya taka har gidansu. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko talla, ko rashin takalmi, ko an fara zancen aure. A duba jadawali da idon mutumin gari: kada a ajiye Lissafi da Turanci a ranar kasuwa ko a darasin ƙarshe na Juma'a. Lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, a roƙi limamai su ja hankalin iyaye a bar yara su je gona bayan an tashi da kuma ranakun hutu. Haka NECO takan faɗo a tsakiyar damina, lokacin noman farko da maimai. Ɗan aji shida yana bukatar a ɗauke masa fartanya na waɗannan makonni.

Ga 'yan mata, makewayi mai ƙofa da ruwa a kusa suna cikin kayan karatu. Yarinyar da ba ta da inda za ta kintsa lokacin al'ada, gida take zama kwana uku ko huɗu duk wata. A ajiye audugar mata a hannun malama mace, a kuma tabbata akwai malama aƙalla ɗaya da yarinya za ta iya kai wa kuka. Masu zuwa daga ƙauyuka masu nisa, keke ɗaya yakan raba yaro da makara har ya gama makaranta.

Mataki na biyar: a riƙe malami

Duk abin da za a yi, ta hannun malami zai bi. A fara da jeri: wa ke koyar da me, me ya karanta, darasi nawa yake ɗauka a mako. Za a iya tarar da masu Nazarin Zamantakewa huɗu, mai Fizis babu. Wannan jeri shi kwamiti zai kai ofishin shiyya da ma'aikatar ilimi a Katsina ya nemi a cike gurbi, domin buƙatar da aka rubuta da lambobi ta fi koke nauyi. Kafin a turo, makarantu biyu maƙwabta za su iya raba malami ɗaya, masu tallafi su ɗauki man babur ɗinsa.

Sai zaman malaman darasi ɗaya, awa guda duk mako. Ba taron sanarwa ba ne. Malami ɗaya zai kawo batun da zai koyar mako mai zuwa, ya gwada a gaban 'yan'uwansa, su gyara masa. Su zo da littattafan yara biyar, su duba irin kuskuren da ke maimaituwa. Duk zango kowane malami ya shiga ajin wani ya zauna a baya, bayan an fito ya faɗa masa abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da zai gyara. Abin da aka gani a nan ba ya shiga fayil ɗin kowa.

Akwai taska biyu da ba a cika taɓawa ba. Ɗaya ita ce rahoton manyan masu duba jarabawa da WAEC ke fitarwa, yana kuma shafinta na intanet, inda ake bayyana tambaya bayan tambaya wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe. A buga na Turanci, Lissafi da darussan kimiyya a ba malamai. Ɗayar kuwa malaman yankin ne da ke zuwa makin takardun WAEC da NECO. Sun san yadda ake raba maki. A gayyace su yini guda su nuna wa sauran.

A kuma haɗa makarantu biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, ta cikin gari da ta ƙauye. Da irin wannan dabara aka ɗaga makarantun sakandaren birnin Landan a shirin da aka fara a 2003: aka jera makarantun da yaransu suka yi kama da juna, aka sa wadda ta yi gaba ta kama hannun wadda ke baya. Shugaban makaranta ya fi karɓar shawara daga takwaransa da ke fama da irin yaransa. Malaman tsangayar ilimi ta jami'a da na Kwalejin Isa Kaita za su iya jagorantar zaman sau ɗaya a zango. Su ma suna neman makarantun da za su yi nazari a ciki.

Batun maki kuma, malamin da ke da yara 80 a aji ba zai iya duba littafin kowa kullum ba, kada a ɗora masa abin da ba zai yiwu ba. Tambayoyin zaɓi yara su musanya littattafai su duba wa juna a aji. Insha'i kuwa ya ɗauki goma sha shida kullum, cikin mako ya zagaye kowa.

Mataki na shida: sayayya bisa tsari

In kuɗi ya samu, ga jerin da ya fi amfani. Farko littafin Turanci da na Lissafi a hannun yara, ko da ɗaya ga mutum biyu ne. Kafin a saya a buɗe sito, don akan tarar da katan-katan na littattafai a kulle saboda tsoron kada su ɓace. A yi musu lamba, a ba da aro, uba ya sa hannu. Na biyu alli, takarda da kuɗin buga tambayoyin shekarun baya. Na uku akwatin kayan lissafi da takardar zana girafi ga kowane ɗan aji biyar. Na huɗu sinadarai da ƙananan kayan ɗakin gwaje-gwaje, domin ɗalibin kimiyya bai kamata ya fara riƙe bututun awo ranar jarabawa ba. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ta nemi izinin kai yaranta wadda ke da shi ranar Asabar. Na biyar benci da gyaran rufin da ke yoyo. Fenti da ƙofar shiga mai ado su zo a ƙarshe.

Kwamfuta ta shiga lissafi, tunda jarabawar JAMB a kanta ake yi, tambaya 180 cikin awa biyu, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO kanta. Amma kwamfuta ashirin ba wuta kayan kallo ne. Gara biyar da sola, da jadawalin da zai ba kowane ɗan aji biyar da shida damar zama a kai sau da yawa kafin ranar.

Mataki na bakwai: shirin jarabawa na halal

Shiri daga aji biyar yake farawa. A zauna da manhajar WAEC da ta NECO, a raba batutuwa bisa makonni yadda za a gama kafin ƙarshen zango na biyu na aji shida. Tambayoyin shekarun baya a tsara su batu-batu: an gama koyar da kusurwoyi, a kawo duk tambayoyin kusurwoyi na shekara biyar a warware. Duk mako a yi gwajin minti goma sha biyar, littafi a rufe, a cakuɗa abin da aka koya jiya da na watan jiya. Ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi zaunar da shi a ka.

A Turanci kowane ɗalibi ya rubuta insha'i ɗaya duk mako, wasiƙa ko muhawara ko labari, har ya saba da kalmomi 450 da ake nema. A ba taƙaitawa lokacinta na musamman, don nan maki ke zubewa: yara kan kwafe jimlolin marubuci maimakon su faɗa da nasu. A Lissafi a horar da su rubuta kowane mataki, saboda hanya tana da makinta ko da amsar ƙarshe ta kauce. Bayan jarabawar gwaji, a fitar da masu D7 da E8 a yi musu darasi na musamman, tunda taki kaɗan ya rage musu. Masu F9 kuma a mayar da su ajin tushe, kada a yafe su.

A kula da takardu. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a rajistar makaranta, da katin ɗan ƙasa, da fom ɗin jarabawa, domin JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN. A zaunar da kowane ɗan aji huɗu a duba darussan da ya zaɓa da abin da yake son karantawa. Akwai mai kiredit bakwai da ya rasa gurbi saboda babu Kemistiri a ciki.

Sai magana mai ɗaci. Duk tallafin da ya haɗa da tara kuɗi a sallami mai sa ido, ko rubuta amsa a allo, ko kwashe yara zuwa cibiyar da ake ci ko ba a sani ba, cuta ce aka yi wa yaran. Hukumomin jarabawa suna riƙe sakamako, suna kuma janye amincewa daga makaranta. Ƙofar ma tana ƙara tsukewa: a 2025 WAEC ta sassaɓa jerin tambayoyin zaɓi a wasu darussa, har da Turanci da Lissafi, yadda kai da na kusa da kai ba lallai lambar tambayoyinku ta zo ɗaya ba. A shekarar, bayan hukumar ta gyara kuskuren maki da ta amsa ta yi, kashi 62.96 ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi a faɗin ƙasa, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Wanda kuma ya tsallake da amsar wani, zangon farko a jami'a zai tona shi.

Mataki na takwas: a yi shiri da halin tsaro

Ba mai rubuta jagora ga wannan yanki ya tsallake wannan. Tun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, iyaye a tsakiyar Katsina suke auna kowace tafiyar yaro, ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma kuma sun ɗanɗana nasu. Duk ƙarin darasi a tsara shi yadda yara za su isa gida da sauran rana. Kada a kira karatun dare a inda hanya ba ta da tabbas. Kwamiti ya riƙe lambobin wayar dagaci, da jami'an tsaro, da 'yan sa-kai na gwamnati, a kuma san wanda zai yanke shawarar a tashi yara in an ji motsi.

Kowace makarantar ƙauye ta sami 'yar'uwa a cikin gari da za ta karɓi yaranta idan an yi hijira, ba tare da an tsaya jiran takardar canji ba. A ajiye kwafin rajista da makin gwaje-gwajen zango a wuri na biyu. A kuma buga aikin gida na mako biyu a ajiye, domin in an rufe makaranta ba shiri kowa ya tafi da abin yi.

Mataki na tara: kuɗi a fili, lissafi a fili

Asusun banki ɗaya, masu sa hannu uku, ɗaya daga cikinsu ba ma'aikacin makarantar ba. Duk abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a allon sanarwa, a karanta a taron iyaye. Tsohon ɗalibin da ke Abuja ko Legas zai sake turowa in ya ga rasit.

Ƙarshen kowane zango kwamiti ya zauna kan lambobi huɗu: yara nawa ke iya karanta labari yanzu, kashi nawa aka samu a aji ranar ƙirgen kai, darasi nawa aka tarar da malami a ciki, da sakamakon gwajin Turanci da Lissafi na bai-ɗaya. In da hali, makarantu biyun da aka haɗa su musanya takardu, kowace ta yi wa 'yar'uwarta maki. Abin da bai motsa ba bayan zango biyu, a sauya dabara. Kyauta kuma kada ta tsaya ga na ɗaya a aji. A karrama yaron da ya fi kowa matsawa gaba, da malamin da bai yi fashi ba.

A sa rai daidai gwargwado. Halarta takan gyaru cikin zango ɗaya, karatu cikin shekara, sakamakon WAEC da NECO kuwa sai 'yan aji huɗun da aka fara da su sun kai aji shida. Saboda haka alkawarin tallafi ya zama na shekara uku aƙalla, kuma a rubuce, don kada canjin shugaban makaranta ko na ƙungiya ya kashe shi.

Ga mai son farawa a zango mai zuwa: makon farko ya ga shugaban makaranta da ofishin shiyya, na biyu a kafa kwamiti a tattaro sakamakon shekara uku, na uku a yi gwajin karatu da ƙirgen kai na farko, na huɗu a raba rukunoni a fara awa ɗayar nan ta kullum. Abin da wannan wata zai ci bai wuce kuɗin takarda, buga gwaji da motar masu gwadawa ba. Sauran kuɗin a riƙe shi tukuna, har awo ya nuna inda ya kamata ya tafi.